Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin asibitocin ido da kwamitocinsu na sayen na'urori

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, shugabanni, manyan likitoci, da malamanmu da suka koya mana wannan aiki. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatanku.

Ni ma'aikaci ne a ɗakin ɗaukar hoton ido. Ni ne wanda ake ji yana cewa, "Baba, ɗora haɓarka nan, jingina goshinka, kalli ɗan hasken can, kada ka ƙifta sai na ce." Ina magana ne da yawun abokan aikina masu zama a bayan waɗannan na'urori, da kuma masu fama da gilakoma, waɗanda ke kama layi tun bayan sallar asuba da katinsu a cikin leda. Mahaifina yana cikinsu, shi ya sa na kasa yin shiru.

Abin da ya taso da wannan wasiƙa shi ne yadda ake sayen na'urorin da ke auna ƙananan hanyoyin jini a kewayen jijiyar gani, waɗanda muke kira OCTA. Kowane asibiti yana sayen wadda wakilin kamfani ya fi iya tallatawa, ko wadda aka kawo kyauta. Kwanan nan wani asibiti da na sani ya yanke shawarar sauya tasa da ta wani kamfani daban, kuma a makon da sabuwar ta iso aka lulluɓe tsohuwar aka tura ta sito. Ba zan kama sunan asibiti ko kamfani ba, don ba tonon silili ya kawo ni ba. Abin da ya dame ni shi ne babu wanda ya tsaya ya gwada ko na'urorin biyu suna faɗin magana ɗaya a kan ido ɗaya.

Kun fi ni sanin cutar nesa ba kusa ba. Amma tunda wasiƙar a buɗe take, kuma 'ya'yan marasa lafiya za su karanta, ku yi mini uzuri in ɗan yi shimfiɗa.

Jijiyar gani igiya ce da ta haɗa ido da ƙwaƙwalwa, an tufka ta da zare sama da miliyan ɗaya. Gilakoma tana cin wannan zare sannu a hankali kamar gara a cikin azara, galibi daga gefe take farawa, ba ciwo ba ƙaiƙayi, kuma zaren da ya mutu ba ya dawowa. Mutanenmu suna ce mata hawan jinin ido, ko da yake abin da ke hawa matsin ruwan cikin ido ne, wanda a yawancin mutane yake tsakanin 10 da 21 a ma'auninmu. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007, wanda ya duba mutum sama da 13,000 'yan shekara 40 zuwa sama, ya samu kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, kuma Arewa maso Gabas ce ta fi yawa. Yanar ido ce ke kan gaba da kashi 43 na makantar, gilakoma na biye mata da kashi 16.7. Da Dakta Fatima Kyari da abokan aikinta suka tace bayanan gilakomar a 2015, sai suka ga kusan mutum 5 cikin kowane 100 na wannan shekarun suna da ita, waɗanda suka san suna ɗauke da ita ba su kai kashi 6 cikin ɗari ba, kuma ɗaya cikin kowane mutum biyar masu ita ya riga ya makance. Mai yana ana yi masa aiki ya tashi yana gani. Mai gilakoma sai dai a tsare masa abin da ya rage, kuma ba a sanin ko ana tsarewa sai an kwatanta idonsa na bana da na bara.

A nan na'urar hoto ta shigo. Tun 1991 David Huang da James Fujimoto da abokan aikinsu a jami'ar MIT ta Amurka suka fito da OCT, wadda ke amfani da haske ta nuna bayan ido filla-filla, har a auna kaurin zaren jijiyar. OCTA ƙanwarta ce, ta shigo kasuwa wajen 2014. Dabararta kuwa kamar mutum ne ya hau bene ya ɗauki hoton kasuwa sau da yawa a jere. Rumfuna ba su motsa ba, mutane sun motsa. Idan ka goge duk abin da bai motsa ba, abin da zai rage shi ne lungunan da ake bi. Haka na'urar ke haska wuri ɗaya a maimaice, ta ware abin da ya motsa, wato jajayen ƙwayoyin jini, ta zana taswirar hanyoyinsu. Ba allura, ba rinin da ake zubawa a jijiyar hannu irin na tsohon gwajin da ake yi tun 1961. Daga nan sai manhajar ta ce kashi kaza cikin ɗari na filin da ke kewaye da kan jijiyar gani, wato wurin da take fita daga ƙwayar ido, hanyoyin jini ne. Idan gilakoma ta ci zare, waɗannan siraran hanyoyi su ma suna raguwa.

Kukana na farko, kuma shi ne babba, wannan lambar ba ta ido ba ce ita kaɗai. Ta ido ce da na'urar da ta auna shi.

Dubi huɗu daga cikin waɗanda suka fi suna. AngioVue ta kamfanin Optovue da AngioPlex ta Zeiss duk suna amfani da haske mai tsawon zango kusan nanomita 840, ta farko tana haskawa sau 70,000 a daƙiƙa, ta biyu a samfurin Cirrus 5000 sau 68,000. Triton ta Topcon tana amfani da 1,050, wanda ya fi ratsawa ciki, tana haskawa sau 100,000. Spectralis ta Heidelberg ita ma da nata tsarin. Wannan ma ƙaramin bambanci ne idan aka zo ga lissafi. Optovue tana da dabarar da ake kira SSADA, wadda Yali Jia da David Huang suka wallafa a 2012, Zeiss tana da OMAG, Topcon tana da OCTARA, kowacce da irin yadda take yanke hukuncin cewa wannan ɗigon jini ne, wancan ƙura ce. Sannan kowacce da inda take jan layin sama da na ƙasa na sashen da za ta auna, da faɗin zoben da take zanawa a kewayen jijiyar, da ko tana cire manyan hanyoyin jini daga lissafi ko tana haɗawa da su. Masu binciken da suka zaunar da mutum ɗaya a gaban na'urori daban-daban a rana ɗaya sun sha samun abu guda: kowacce tana iya maimaita kanta daidai gwargwado, amma lambar wata ba ta zama a madadin ta wata. Duk matar da ta taɓa aiken yaro awo ta san mudun wata kasuwa ba shi ne na wata ba, alhali duk mudu ake ce musu. Babu wadda ta yi ƙarya a cikin na'urorin nan. Kuskuren yana faruwa ne lokacin da aka ɗora takardar wata a gefen ta wata aka yi ɗebewa.

Ga yadda abin ya same mu a gida. Mahaifina tela ne da ya ajiye keke. Zaren allura bai taɓa gagararsa ba, abin da ya fara tona cutar shi ne buta: idan an ajiye ta a gefensa na hagu sai ya yi tuntuɓe da ita, ya ce yara ba su da hankali. Aka gano gilakoma ce, aka ɗora shi a kan maganin ɗigawa, muka yi shekara biyu ana duba shi a wuri ɗaya da na'ura ɗaya, lambar idonsa na hagu tana yawo a 51. Sai ya tafi wajen ƙanwata a wani gari ya yi 'yan watanni, lokacin duba shi ya yi, ta kai shi asibitin can. Bayan isha'i ta kira ni tana kuka: "Yaya, idon Baba ya tafi, an ce daga 51 ya dawo 44, an ƙara masa magani, har ana maganar aiki." Na ce ta ɗauki hoton takardun biyu ta turo mini ta WhatsApp. Ban ma kai ga lambar ba, kan takardar na duba, na ga na'urorin ba iri ɗaya ba ne. Muka sako shi a mota, tafiyar wuni guda, na zaunar da shi a gaban ta farkon, ta ba da 50, abin da bai wuce ɗan motsin da na'ura ke yi tsakanin yau da gobe ba. Gwajin faɗin ganinsa ma bai sauya ba.

Ban ga laifin likitan can ba. Layin da ke gabansa ya kai bakin ƙofa, kuma babu abin da aka rubuta a takardar da zai tsayar da shi. Amma mun biya kuɗin hoto sau biyu, da kuɗin mota, da maganin da ba a buƙata wanda ya yi wata guda yana sa masa zafi a ido, ga tsoho da ya daina barci yana lissafin ranar da za a fara yi masa jagora. Ni na gane ne don aikina ne. Wanda ɗansa manomi ne ko ɗan tireda fa? Kuma mu namu ya zo da sauƙi. Da a ce sabuwar na'urar ita ce mai ba da lamba sama, da sai a ce masa madalla, ido ya tsaya, ya dawo bayan shekara, gara kuwa tana nan tana ci.

Na biyu ya biyo bayan na farko. Ranar da kuka tura tsohuwar na'ura sito, kun tura tarihin mutane da ita. Gilakoma ba a yi mata hukunci da hoto ɗaya, ana bin layin hotuna ne shekara da shekaru, manhajar tana kwatanta kowane sabo da na farko. Kowane kamfani kuma yana adana hotunansa a irin tsarinsa, wanda manhajar wani ba ta buɗewa yadda za ta ci gaba da lissafin. Abin da ke ragewa a hannun mara lafiya ita ce takardar da aka buga, wadda tawadarta ke kodewa a cikin leda. Wannan matsala har ƙasashen da ke ƙera na'urorin tana damunsu: a 2021 ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ta fito fili ta roƙi kamfanoni su bi tsarin bai ɗaya na adana hotunan asibiti, wanda ake kira DICOM. Idan su da ke da kuɗi da lauyoyi sai da suka roƙa, mu da ke sa hannu a kwangila ba tare da mun ambaci maganar ba, me muke tsammani?

Na uku, launuka. Takardar OCT tana fitowa da kore, rawaya da ja, marasa lafiya kuma sun iya karanta su kamar danjar titi. Koren yana nufin lambar mutum ta faɗa cikin na masu lafiyar idon da kamfanin ya auna ya zuba a cikin manhajarsa. Su wane ne waɗannan masu lafiyar? Kowane kamfani da nasa mutanen, kuma a ƙasashen waje aka tara su. Alhali an daɗe da sanin cewa baƙar fata ya fi yawan samun faffaɗan kan jijiyar gani da siririn gilashin gaban ido, wato ɓangaren nan mai garai-garai da ke gaban ƙwayar ido, kuma binciken da aka yi a birnin Baltimore na Amurka, wanda aka wallafa a 1991, ya nuna gilakoma ta ninka a tsakanin baƙaƙe fiye da farare, kuma ta fi kama su da wuri. Tsawon ƙwayar ido ma yana sauya girman filin da na'urar ke zaton ta auna. Na sha ganin mutum ya fita yana murna da takarda kore shar, alhali likita ya leƙa ya ga jijiyar ta rarake.

Na huɗu shi ne wanda mu masu ɗaukar hoto muka fi sani, kuma ba a tambayarmu. Hoton da wakilin kamfani ke nunawa a ɗakin taro na idon matashi ne mai lafiya, wanda ya iya zama cif. Wanda ke zuwa wajenmu tsohuwa ce mai yana a ido biyu, idonta ya bushe da iskar hunturu, kunnenta ya yi nauyi, idon da ake so ta kafe da shi kuma da ƙyar yake hango hasken da ake ce ta kalla. OCTA motsi take nema, don haka duk ƙiftawa da duk karkacewar ido suna barin layi a hoton. Idan hasken da ya dawo ya yi rauni, siraran hanyoyin jini sai su ɓace daga taswira, lambar ta faɗi, ba don jijiyar ta lalace ba. Shi ya sa mutum kan yi aikin yana a sake auna shi a ga lambar ta hau, kamar ya tsiro sababbin hanyoyin jini, alhali labule kawai aka yaye. Ciwon suga da hawan jini su ma suna taɓa lambar. Makin ingancin hoton ma bai zo ɗaya ba, wata na'urar tana bayarwa daga 0 zuwa 10, wata daga 0 zuwa 100. To idan ba a ajiye mana ƙa'idar inda za mu ce wannan hoto bai karɓu ba, ga layi, ga man janareta yana ƙarewa, me kuke zaton zai faru? Za a buga shi a sa a fayil.

Kada a ɗauka ina gaba da na'urar. Ina son ta. Yawancin masu zuwa mana sun makara, kuma a matakin da cutar ta yi nisa, awon kaurin zare yakan kai ƙasan da ba ya ƙara sauka ko da ido yana ci gaba da lalacewa. A nan awon hanyoyin jini yakan ci gaba da ba da labari na ɗan lokaci. Tana kuma da amfani ga masu suga da masu sikila, waɗanda ba mu da ƙarancinsu. Amma in faɗi na biyar a gajarce, don ya fi kowanne ɗaci: na ga wurin da ake shirin sayen OCTA alhali na'urar gwajin faɗin gani ta yi watanni a lalace, ma'aunin matsin ido ba a tuna ranar da aka daidaita shi ba, mara lafiya kuma yana tsallake maganin ɗigawa kwana biyu don kwalbar ta kai shi ƙarshen wata. Hoto ba ya sauke matsin ido ko da ɗigo ɗaya.

Yanzu ga abin da muke roƙo.

Kafin a sa hannu a kowace kwangila, a ce wa kamfanonin da ke neman cinikin su kawo na'urorinsu cikin asibitin, a ajiye su gefe da gefe. A ɗauki mutanenmu, da izininsu, masu lafiyar ido da masu gilakoma sabuwa da wadda ta yi nisa da masu yana, a auna kowa sau biyu a kowace na'ura a rana ɗaya. Abin da za a duba shi ne wacce ta fi maimaita kanta, wacce ta fi fitar da hoto mai karɓuwa a idon tsoho, minti nawa take ci a kan mutum ɗaya, kuma tazarar lambarta da ta tsohuwar nawa ce. Ko mai sayen sa a kara sai ya sa an zagaya da shi ya ga tafiyarsa. A rubuta sakamakon, a aika wa sauran asibitoci, kada kowa ya sake biyan kuɗin darasin da maƙwabcinsa ya riga ya koya.

Idan sauya na'ura ya zama dole, kada a kashe tsohuwar sai duk mai gilakoma da ke cikin rajista ya zo an ɗauke shi a duka biyun a zama ɗaya, an kafa masa sabon tushe, wato hoton farko da za a riƙa kwatanta na gaba da shi. Kuma kada a caje shi kuɗi biyu a wannan ranar, domin ba shi ya yanke shawarar sauyin ba. Haka nan duk wanda aka yi wa aikin yana, a sake kafa masa tushe bayan ido ya warke.

A kan kowace takarda da za ta bar ɗakinmu, a buga sunan na'urar da samfurin manhajarta da girman filin da aka ɗauka da makin inganci, da manyan baƙaƙe. A ƙasa a ƙara layi ɗaya da Hausa da Turanci: kada a kwatanta wannan lamba da ta wata na'ura. Hatimin roba ma ya isa, kuɗinsa bai kai na rim ɗin takarda biyu ba. Asibitocin da ke karɓar 'yan'uwanmu daga Maraɗi da Damagaram su ƙara da Faransanci, tunda takardar can za ta koma.

A cikin kwangilar a rubuta cewa na'urar za ta riƙa fitar da hotuna a tsarin DICOM ba tare da wani sabon kuɗin lasisi ba, cewa hotunan mallakar asibiti ne da mara lafiya, a faɗi sunan wanda zai gyara ta da kwana nawa zai ɗauka ya iso, a haɗa da batir da inbata da horar da aƙalla mutum biyu. Kuma duk lokacin da aka sabunta manhaja a sanar da likitoci a rubuce, don sabuntawar ma tana iya motsa lambar.

Ga manyan malamanmu na asibitocin koyarwa a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Jos da Bauchi, da Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da Ƙungiyar Likitocin Ido ta Najeriya: ku haɗa kai ku tara mana awon idanun mutanenmu masu lafiya, na kowace na'ura daban, daga matasa har tsofaffi, maza da mata. Kuna da ɗalibai masu neman abin bincike kowace shekara, mu kuma muna nan, za mu ɗauki hotunan ko da bayan an tashi aiki ne. Ku kuma fitar mana da ƙa'ida guda mai shafi ɗaya da za mu manna a bango: wane hoto ne ya karɓu, wanne za a sake, wanne za a rubuta a kansa cewa ba a dogara da shi.

Sai kujera ɗaya a kwamitin saye. Ku ba mai ɗaukar hoto ko nas ɗin ido wuri ya zauna lokacin da ake shawara, ko da ba shi da ƙuri'a. Shi ne zai gaya muku cewa kujerar na'urar ba ta sauka ƙasa yadda tsohuwa mai ciwon baya za ta iya ɗora haɓarta, kuma hakan kaɗai ya isa ya ɓata hoto.

Idan harshena ya yi kaifi a wani wuri, ku yafe mini, ɗanku ne. Mahaifina zai koma a duba shi bayan ƙaramar salla. Na ɗauki jan biro na rubuta sunan na'urarsa a bangon katinsa, na ja layi biyu a ƙasa, na kuma gaya wa ƙanwata kada ta yarda a auna shi da wata sai an kira ni. Sauran mutanen da ke kan bencin ba su da ɗa a ɗakin hoto, su nake roƙa wa hatimin nan kafin a kawo na'ura ta gaba.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya taya ku riƙo.

Wassalam.

Naku,
Wani mai ɗaukar hoton ido, a madadin abokan aikinsa da masu jinyar gilakoma